Sam Allardyce: Daga Bolton ta Okocha Zuwa Kwana 67 a Kujerar Ingila

A ƙarshen kakar wasa ta 2004/2005, ƙungiyoyi biyu ne suka kammala gasar Firimiya da maki 58. Ɗaya ita ce Liverpool, wadda bayan 'yan kwanaki ta je Istanbul ta ɗauko Kofin Zakarun Turai. Ɗayar kuwa Bolton Wanderers ce, ƙungiyar wani gari da ke gefen Manchester, wadda filinta bai kai cin mutum dubu talatin ba. Bambancin ƙwallaye ne kawai ya raba su, Liverpool ta biyar, Bolton ta shida. A karon farko a tarihinta Bolton ta samu gurbin buga gasar Turai. Kyaftin ɗinta a lokacin Jay-Jay Okocha ne, kocinta kuma Sam Allardyce.

Yau idan ka ambaci sunan Allardyce a gidan kallo, amsar da za ka ji ba ta wuce ɗaya: ai shi ne mai ƙwallon sama, a narka ta gaba kowa ya bi da gudu, wanda ba a tuna shi sai ƙungiya ta kama hanyar faɗawa gasar 'yan dagaji. Akwai gaskiya a wannan magana. Amma ta bar rabin labarin a baya, kuma rabin da ta bari shi ne ya fi ban sha'awa. A ganina, tsakanin 1999 da 2007 babu wani koci ɗan Ingila da ya kai shi hangen inda ƙwallo ta dosa. Abin tambaya shi ne yadda mutumin da ya riga tsararsa gaba ya ƙare ana yi masa kallon wanda zamani ya wuce.

An haife shi a watan Oktoban 1954 a garin Dudley da ke tsakiyar Ingila. Mahaifinsa ɗan sanda ne. Tun yana matashi ya shiga Bolton, ya zama ɗan baya na tsakiya, dogo mai ƙirar ƙarfi, irin wanda aikinsa shi ne ya cinye ƙwallon sama ya kuma sa ɗan gaba ya ji a jikinsa. Yana cikin tawagar da ta ci gasar rukuni na biyu a 1978 ta hau babban rukuni. Daga nan ya zaga Sunderland, Millwall, Coventry, Huddersfield da Preston. Bai taɓa buga wa babbar tawagar Ingila wasa ba, kuma ba wanda zai ce an zalunce shi a kan haka. Ɗan wasa ne na tsaka-tsaki wanda ya san iyakarsa.

Abin da ya fi muhimmanci a duk shekarun wasansa ɗan gajeren zama ne da ya yi a Amurka a 1983, lokacin da ya buga wa Tampa Bay Rowdies. A can ya ga yadda Buccaneers, ƙungiyar garin mai buga ƙwallon Amurka (wadda ake riƙewa a hannu a ruga da ita), take tafiyar da 'yan wasanta: likitoci, masu tausa, masu tsara abinci, masu zama su kalli faifan wasa suna ƙirga kowane motsi, kowane sashe na ƙungiya da nasa mai koyarwa. A Ingila ta wancan lokaci kuwa atisaye bai wuce gudu da safe da ɗan wasa tsakanin juna ba, giya kuma ta zama abokiyar rayuwar 'yan ƙwallo da yawa. Allardyce ya dawo da wannan abu a ransa, ya riƙe shi fiye da shekara goma sha biyar kafin ya samu wurin da zai gwada shi yadda yake so.

Hanyarsa zuwa can ba ta kasance mai santsi ba. Ya fara aikin koci a Limerick ta ƙasar Ireland a 1991, yana horarwa yana kuma bugawa, a ƙungiyar da sai an bi gari ana neman gudummawa kafin a biya 'yan wasa. Ya hau da ita babban rukuni. A Blackpool ya kai su wasan cike gurbi a 1996, suka ci Bradford 2-0 a waje, aka zo gidansu aka zura musu 3-0, aka sallame shi. A Notts County ya faɗi da su a kakarsa ta farko, a ta biyu ya lashe gasar rukunin tun a watan Maris. Duk wanda ya bi ta irin waɗannan wurare zai koyi abu ɗaya da kocin da ya fara daga sama ba ya koya: yadda ake neman maki ba tare da kuɗi ba.

A watan Oktoban 1999 ya koma Bolton a matsayin koci. A 2001 suka doke Preston 3-0 a wasan ƙarshe na cike gurbi suka hau Firimiya. Kafin nan Bolton ta hau sau biyu a shekarun 1990, kuma duka biyun kaka ɗaya ta yi ta sauko. Kowa ya ɗauka haka za a sake yi.

Lissafin da Allardyce ya yi mai sauƙin faɗa ne. Ba shi da kuɗin sayen matashin da ke tashe, don haka ya juya ga manyan 'yan wasan da ƙungiyoyinsu suka gaji da su, ko kwantiraginsu ya ƙare, ko aka yanke musu hukuncin tsufa. Yawanci ba zai biya kuɗin saye ba, zai zuba abin da yake da shi a albashi, sannan ya kewaye su da ma'aikatan lafiya da na abinci da na motsa jiki waɗanda za su ƙara musu shekara biyu ko uku a fili. A farkon 2002 ya ɗauko Youri Djorkaeff, wanda ya ci Kofin Duniya da Faransa a 1998. Bayan Kofin Duniya na 2002 ya ɗauko Okocha daga Paris Saint-Germain kyauta, ɗan wasan da PSG ta biya kusan fam miliyan 14 a kansa shekara huɗu kafin nan. Ivan Campo ya zo daga Real Madrid a matsayin ɗan bayan da aka daina yarda da shi, Allardyce ya matsar da shi gaban 'yan baya ya zama mai raba ƙwallo, ya sake rayuwa. Fernando Hierro, mai Kofin Zakarun Turai uku, ya zo ya rufe wasansa a nan. Gary Speed ya zo yana da shekara 34, kuma a rigar Bolton ya zama ɗan wasa na farko da ya buga wasa 500 a Firimiya. El-Hadji Diouf da Liverpool ta rasa yadda za ta yi da shi ya samu gida. Nicolas Anelka ya zo daga Fenerbahce a 2006, daga nan Chelsea ta saye shi.

Duk wanda ya kalli Bolton a lokacin daga Kano ko Zinder, saboda Okocha ya kalle ta, kuma labarin Okocha a can shi ne hujja mafi ƙarfi a kan masu cewa Allardyce maƙiyin gwaninta ne. Koci mai tsoron gwani ba ya ɗaukar mutum irin Jay-Jay, balle ya ɗaura masa kambun kyaftin. A watan Afrilun 2003, Bolton da West Ham suna kokawar wanda zai tsira, Okocha ya ɗauko ƙwallo tun daga rabin filinsu ya sheƙa da ita ya narka ta a raga daga nesa, aka tashi 1-0. A ranar ƙarshe ta kakar ya ci bugun tazara a kan Middlesbrough, Bolton ta tsira, West Ham ta faɗi da maki 42, adadin da a yawancin shekaru ya ishi ƙungiya ta zauna lafiya. A kaka ta gaba ya ci Aston Villa bugun tazara biyu a wasan kusa da na ƙarshe na kofin League, ɗaya daga wata kusurwa da ba wanda ya zaci za a iya bugawa raga kai tsaye. Sun kai wasan ƙarshe, Middlesbrough ta doke su 2-1. A waɗannan shekaru ne BBC ta zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallon Afirka sau biyu a jere, 2003 da 2004.

Yadda aka haɗa wannan gwaninta da ƙwallon ƙarfi shi ne ainihin fasahar Allardyce. Tsarinsa ya raba fili gida biyu. A rabin filinka ba a wasa da ƙwallo, domin kuskure ɗaya a nan ƙwallo ce a ragarka, kuma ƙaramar ƙungiya ba ta da ƙarfin rama biyu ko uku. A aika ta gaba wurin Kevin Davies, wanda shi ma kyauta aka samo shi daga Southampton a 2003, ya yi kokawa da 'yan baya ya sauko da ita. Abin da ake nema ba bugun farko ba ne, inda ƙwallon za ta faɗo ne, kuma an riga an koya wa Kevin Nolan da sauran 'yan tsakiya wurin da za su tsaya. Da zarar ƙwallo ta zauna a kusa da ragar abokan hamayya, to Okocha da Djorkaeff suna da izinin yin abin da suka ga dama. Kwana, bugun tazara da doguwar jifa kuwa an ɗauke su tamkar rabin wasan, ana maimaita su a atisaye har su zama jiki.

Ba da ka aka tsara wannan ba. Bolton tana cikin ƙungiyoyin farko da suka rungumi ProZone, na'urar da ke bin sawun kowane ɗan wasa a fili ta ƙirga gudunsa da bugunsa. Allardyce yakan zauna can sama a cikin 'yan kallo da abin magana a kunne, domin daga nan ake ganin yadda layuka ke buɗewa da rufewa. Ya tara ma'aikata a bayan fage fiye da yadda aka saba gani a ƙungiya mai girman Bolton, kuma manyan ƙungiyoyi sun zo sun kwashe su daga baya: Mike Forde ya tafi Chelsea, Dave Fallows ya bi ta Manchester City ya zama babban mai farautar 'yan wasa a Liverpool. Yanzu da Arsenal take da koci na musamman don kwana da bugun tazara, Brentford kuma ta mayar da doguwar jifa makami, ana kiran abin ci gaba. Lokacin da Bolton take yi, sunansa ƙwallon ƙauye. Wannan rashin adalci ne, kuma ina ganin ya kamata a faɗe shi ƙarara.

Magoya bayan Arsenal na da dalilin jin haushinsa. A watan Afrilun 2003 suna gaba da ci 2-0 a filin Bolton aka farke duka biyun, kuma wannan canjaras na cikin abin da ya miƙa wa Manchester United kofin shekarar. Arsene Wenger ya sha kokawa da salon Bolton, Rafael Benitez ma haka. Daga bakin irin waɗannan manya ne sunan ya fara bin sa, kuma 'yan jarida suka ɗauka. Sai dai sakamako bai yi ƙarya ba: ta takwas, ta shida, ta takwas, ta bakwai, kaka huɗu a jere, da zuwa zagayen 'yan 32 a kofin UEFA inda Marseille ta fitar da su.

A 2006 hukumar ƙwallon Ingila ta gana da shi kan aikin horar da ƙasa, ta ba Steve McClaren. A watan Afrilun 2007, saura wasa biyu a gama kaka, ya ajiye aikin Bolton. Daga baya ya bayyana cewa ya nemi a ƙara kuɗi a sayi 'yan wasa don a nemi gurbin Zakarun Turai, shugabannin ƙungiyar suka ƙi. Daga wannan rana labarinsa ya sauya.

Newcastle ce ta kamata ta zama matakinsa na hawa sama. Wanda ya ɗauke shi aiki, Freddy Shepherd, ya rasa ikon ƙungiyar cikin 'yan makonni bayan Mike Ashley ya saye ta, kuma a watan Janairun 2008 aka raba gari. A Blackburn ya tsamo su daga ƙasan teburi ya kai su ta goma, sai kamfanin Venky's na Indiya ya sayi ƙungiyar ya kore shi a Disambar 2010. A West Ham ya dawo da su Firimiya a 2012 ya zaunar da su kaka uku, amma magoya baya ba su taɓa karɓarsa ba, har akwai daren da suka ci Hull a gida aka yi musu ihu. A Sunderland ya same su a cikin rami a Oktoban 2015, ya sayo Lamine Kone da Wahbi Khazri da Jan Kirchhoff a Janairu, ya jingina da ƙwallayen Jermain Defoe, suka tsira, Newcastle ta faɗi.

A nan ne ya zama kamar maɗori. Ba a nemansa sai ƙashi ya karye, kuma da zarar mai karaya ya fara takawa sai a ce hannunsa ya yi nauyi, a nemi wani. Abin da ya gina a Bolton ya ɗauki shekara takwas, da shugabannin da suka bar shi ya kafa komai tun daga tushe. Bayan nan, in ka cire West Ham, ba inda ya kai shekara uku. Wanda aka ba wata shida ya ceci ƙungiya ba zai tsaya gina sashen lafiya ko renon yara ba. Zai toshe baya, ya gyara kwana, ya nemi maki ɗaya a waje. Wato rabin tsarinsa mai ban haushi ne kawai ake gani, rabin mai kyau ba ya samun lokacin fitowa. Kowace nasarar ceto kuma tana ƙara tabbatar wa manyan ƙungiyoyi cewa aikinsa ke nan.

Shi kansa ya sha cewa ana raina koci ɗan Ingila ne a ƙasarsa. A 2010 ya ce ya fi dacewa da Inter Milan ko Real Madrid, aka yi ta dariya. Ya kuma taɓa cewa da sunansa na Italiya ne da tuni yana riƙe da ɗaya daga manyan ƙungiyoyi huɗu. Ƙorafin yana da tushe. Tun da aka kafa Firimiya a 1992 babu koci ɗan Ingila da ya ɗauki kofin, na ƙarshe da ya ci babbar gasar ƙasar shi ne Howard Wilkinson da Leeds a shekarar. Masu ƙungiyoyin da ke da kuɗi sun fi son wanda ya riga ya ci kofi a Sifaniya ko Jamus ko Italiya, ɗan gida kuma ba ya samun damar cin kofin da za a auna shi da shi.

Amma ba zan ɗora wa wasu laifin duka ba. Akwai abin da ya rage a wurinsa. Tsarin Allardyce an gina shi ne don mai rauni ya hana mai ƙarfi sakewa. Babbar ƙungiya kuwa matsalarta daban ce: ita ake tsare wa gida, ita ce za ta riƙe ƙwallo ta nemi ƙofa a jikin mutum goma. Bai taɓa nuna yana da amsar wannan ba, kuma da ya samu dama mafi kusa da haka a Everton a kakar 2017/2018, da kuɗi da 'yan wasa, ya kai su ta takwas da wasan da magoya baya suka kasa jurewa. A can ne kuma ya kasa samar wa Ademola Lookman wuri. Yaron ya dage sai ya tafi aro RB Leipzig a Jamus, Allardyce ya fito fili ya nuna bai so hakan ba. Lookman ya ci ƙwallo a wasansa na farko a can, kuma a 2024 ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a rigar Najeriya. Kocin da ya san yadda ake farfaɗo da ɗan shekara 34 bai nuna irin wannan haƙuri ga ɗan shekara 20 ba, domin kuskuren yaro yana cin maki, shi kuma maki yake ƙirgawa.

Sai babban abin, wanda ba Wenger ba ne ya jawo masa, ba kuma 'yan jaridar wasanni ba. A watan Yulin 2016, bayan Iceland ta kori Ingila daga gasar Turai, aka ba shi aikin da ya yi shekara goma yana jira. Ya jagoranci wasa ɗaya, suka ci Slovakia 1-0 da ƙwallon Adam Lallana a ƙarin lokaci. A ƙarshen Satumba jaridar Daily Telegraph ta fitar da faifan da wakilanta suka ɗauka a ɓoye, sun je masa a matsayin 'yan kasuwa daga Asiya. An ji shi yana tattauna yarjejeniyar fam 400,000 don ya riƙa zuwa yana gabatar da jawabai, yana kuma bayanin yadda ake kewaye dokar da ta hana wani ɗan kasuwa mallakar wani kaso na ɗan wasa. Hukumar Ingila ta haramta wannan ciniki tun 2008, bayan rikicin zuwan Carlos Tevez da Javier Mascherano West Ham, FIFA kuma ta bi sahu a 2015. Dokar ba ta wasa ba ce, domin a irin wannan ciniki ɗan wasa, sau da yawa yaro daga gidan talakawa a Kudancin Amurka ko Afirka, yakan wayi gari wani ne ke yanke inda za a sayar da shi. Ba a gurfanar da Allardyce gaban kotu ba, ya kuma ce tarko aka ɗana masa. Tarko ne, babu shakka. Amma mutumin da aka ba amanar tawagar ƙasa, da albashin miliyoyin fam, me ya kai shi teburin baƙi yana neman ƙari tun kafin ya buga wasan farko? Kwana 67 ya yi a kujerar. Wannan ne wurin da nake jin takaicinsa fiye da ko'ina, domin ita ce dama ɗaya tilo da zai nuna ko zai iya da manyan 'yan wasa, kuma da hannunsa ya zubar da ita. Gareth Southgate da aka ɗauko don riƙon ƙwarya ya kai Ingila wasan kusa da na ƙarshe a Kofin Duniya na 2018 da wasan ƙarshe na gasar Turai sau biyu.

Bayan wata uku ya koma aikin da aka san shi da shi, ya ceci Crystal Palace. Amma ƙwallon ta ci gaba da tafiya. Abin da ya bambanta Bolton a 2003, wato alƙaluma da likitoci da nazarin faifai, yanzu kowace ƙungiya tana da shi, har ta fi. Ƙananan ƙungiyoyi sun samu kuɗin talabijin da za su sayi matasa daga ko'ina, ba sa jiran ragowar Real Madrid. A West Brom a 2021 ya faɗi daga Firimiya a karon farko a rayuwarsa ta koci. A watan Mayun 2023 Leeds ta kira shi saura wasa huɗu, ya faɗa wa 'yan jarida cewa a sanin ƙwallo babu wanda ke gabansa, ko Guardiola ko Klopp ko Arteta. Ya samu maki ɗaya, Leeds ta faɗi.

Masu kare shi suna nuna abin da ya faru da ƙungiyoyin da ya bari. Newcastle ta faɗi a 2009, Blackburn da Bolton suka faɗi tare a 2012, a shekarar da shi yake hawa da West Ham, Sunderland ta faɗi a 2017. Masu sukarsa kuma suna cewa wannan shaida ce a kansa, domin bai bar ginin da zai tsaya bayan tafiyarsa ba: tsofaffin 'yan wasa masu tsadar albashi ba gado ba ne. A kan Newcastle da Sunderland da Blackburn, ina ganin hujjar masu kare shi ta fi ƙarfi, tunda ba a ba shi lokacin gina komai ba, kuma waɗanda suka kore shi ko suka gaje shi ne suka yi ɓarnar. A kan Bolton maganar ta fi wuya. Ta ƙara kaka biyar a Firimiya bayan tafiyarsa, bashi yana taruwa, a 2019 aka karɓe ragamarta saboda ta kasa biyan masu binta, a 2020 kuma ta tsinci kanta a rukuni na huɗu.